Amsar Tambaya: Me Ya Sa Tafkinmu Ya Koma Kore?

Tambaya: Lambunmu na bakin tafki. Bana gansakuka ta rufe ruwan, kifi na mutuwa. Ko takinmu ne?

Amsa: Malam, da wuya takin ya kuɓuta daga zargi. Nitirojin da fosfaras da ke cikin NPK da kashin kaji su ne abincin gansakuka. In ka watsa taki a saman ƙasa, ruwan sama ko ban-ruwa ya kwashe shi zuwa tafki, sai ta yi ta yaɗo. Idan ta mutu tana ruɓewa, sai iskar da kifi ke shaƙa a ruwan ta ƙare.

Wata ma guba gare ta. A Agustan 2014, mutanen birnin Toledo na Amurka sun yi kusan kwana uku ba shan ruwan famfo saboda gansakukar Tafkin Erie. Tafasawa kuwa ba ta kawar da wannan gubar.

Ka riƙa binne takin a gindin shuka, kada ka zuba in hadari ya haɗo. Bar ciyawa tsakanin lambu da ruwa ta tare zaizaya. Kafin ruwan ya washe, kada a shayar da dabbobi a wurin.