Shin Gwamnati Na Taimaka Wa Talaka Da Kuɗin Wuta?

Wata mai sauraronmu daga Maigatari tana tambaya ko akwai tallafin da gwamnati ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi wajen biyan kuɗin wutar lantarki.

To, Malama, akwai, sai dai ba a hannu ake bayarwa ba. A cikin farashin wutar yake. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin Band A, masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Sauran rukunan, daga B zuwa E, gwamnatin tarayya ce ke cike musu giɓin da ke tsakanin abin da suke biya da ainihin kuɗin wutar.

Akwai kuma rukunin R1, na gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata, kamar mai ƙwan fitila biyu, fanka da cajin waya. Naira 4 ake biyan yunit. Amma fa idan babu mita, tabbatar da hakan na da wuya, kuma a nan talaka ya fi cutuwa.

Saboda haka ki ɗauki takardar bil ɗinki ki je ofishin kamfanin rarraba wuta na KEDCO a Gumel, ki nemi mita, ki tambayi rukuninku. Idan ba a saurare ki ba, ki kai ƙara NERC. 'Yan'uwa na Gagarawa da Sule Tankarkar, ku ma hanyar ke nan.