In mai maye ya buge mutum da mota, wa zai biya?

Ranar kasuwa da marece hanya takan cika. Masu amalanke suna komawa gida, mata suna ɗauke da sauran talla, yara suna koro dabbobi. A daidai wannan lokaci ne wani direba ko ɗan kabu-kabu yakan taso daga wurin shan giya, ko ya haɗiye ƙwayar tramol, ya hau hanya. Idonsa ba ya gani sosai, ƙafarsa ba ta saurin kai wa birki.

Ga misali. A ce wani manomi na ƙasar Gabi ya kai gero Madarunfa, yana komowa bisa amalankensa. Mota ta buge shi ta baya. Ƙafarsa ta karye, sansa ya mutu. Duk wanda ya matso kusa da direban ya ji warin giya. Kashegari mai motar ya zo da dattawa, ya ba da haƙuri, ya ajiye jika 20. Dangi suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Aka kai mutumin wurin maɗori. Damina ta faɗi, bai iya riƙe hauya ba, gona ta kwana. Jika 20 kuwa tun makon farko suka ƙare.

Mutumin nan yana da hakki mai yawa, amma bai san da shi ba.

Hanya biyu ce

In haɗari irin wannan ya faru, doka ta buɗe hanya biyu. Ta farko hukunci ce. Wannan tsakanin gwamnati ne da direba. Dokar hukunta laifuka, wadda aka kafa tun 1961, ta ɗauki ji wa mutum rauni ko kashe shi da ganganci a kan laifi, ko da ba da nufi aka yi ba. Dokar hanya ta 2014 kuma ta hana tuƙi cikin maye. Alƙali yana iya cin direba tara, ko ya ɗaure shi, a kuma karɓe masa parmi. Ko wanda aka buge ya ce ya yafe, wannan bai tsai da shari'ar gwamnati ba.

Ta biyu diyya ce, wato kuɗin da za a ba wanda ya ji ciwo, ko iyalin wanda ya rasu. A nan ne mutanen karkara suka fi yin hasara, don da yawa suna tsammanin daga aljihun direba kuɗin za su fito. Sai su duba su ga direban talaka ne kamarsu, ko ɗan wani ne da aka sani, su ji nauyi.

Ba haka abin yake ba. Doka ta tilasta ma duk mai mota, da mai kamyo, da mai moto, ya yanki asiransi, wadda waɗansu ke kira inshora. Kowace shekara yana biyan kamfani kuɗi, don ranar da abin hawansa ya yi ɓarna kamfanin ya biya. Saboda haka wanda ya ce ya yafe diyya, ba direba ya yi ma alheri ba. Kamfani ya bar ma kuɗinsa, kamfanin da ko sannu bai zo yi masa ba.

Karɓar diyya kuma ba ƙin ƙaddara ba ne. Malamai sun san cewa aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ajiye diyya a kan kisan kuskure.

Maye bai kuɓutar da kamfani ba

Dokar asiransi da ake aiki da ita a Nijar ana kiran ta dokar CIMA. Ƙasashen Afirka 14 ne suke tarayya cikinta. An sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde, babban birnin Kamaru, ranar 10 ga Yuli 1992, ta fara aiki cikin Fabrairu 1995.

Wani lokaci akan ce ma wanda ya ji ciwo: ai direban nan a buge yake, kamfani ba ya biyan ɓarnar mashayi. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Sashi na 211 na dokar ya ce ko kamfani ya rubuta sharaɗi irin wannan cikin takardarsa, a ɗauka bai rubuta ba. Kamfani yana iya ƙin gyara ma mashayi motarsa, wannan tsakaninsu ne. Amma mutumin da aka buge, dole a biya shi. Haka nan in direban ba shi da parmi: kamfani ya biya tukuna, daga baya ya bi mai laifi ya karɓi kuɗinsa.

Akwai wani abu kuma cikin sashi na 228. Mai tafiya ƙasa, da mai keke, da mai amalanke, da fasinja, ana biyan su raunin jikinsu ko da su ma sun yi kuskure. Ba a ce ma tsohuwa: ke kika ƙetare hanya ba ki duba ba. Sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Amma wannan sauƙi na jiki ne kaɗai. Wajen dukiya ana duba laifin kowa: mai amalanken da ya bi tsakiyar hanya da dare ba fitila, ana iya rage masa kuɗin amalanke da na sa. Wanda kuma yake tuƙa nasa moto aka buge shi, shi ma direba ne a wurin doka, in yana da laifi ana rage masa.

Ranar farko ita ce magana

Kamfani bai ga haɗari da idonsa ba. Takarda yake gani. Takardun kuwa tun ranar farko ake fara tara su.

Abu na fari, a kai mai rauni gidan likita. Wani ya tsaya ya rubuta lambar motar, haruffa da lambobi duka, ko da bisa kwalin sukari ne. A rubuta sunan mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu. A kira jandarmomi su zo su yi konsta, wato su auna wurin, su ji bakin kowa, su duba takardun mota, su rubuta. Kada a ja motar daga inda ta tsaya kafin su iso. Kada kuma a doki direba ko a ƙone mota, komi zafin rai. Mai yin haka ya jawo ma kansa shari'a, ya kuma ɓata shaida.

In an ji warin giya, ko an ga direba yana tangaɗi, a gaya ma jandarmomi nan take, don a auna shi, a sa cikin konsta. Giya ba ta daɗewa cikin jini. Abin da za a gani da marece, kashegari da hantsi ya tafi. Sai dai a lura: mai rauni ba sai ya tabbatar da maye ba kafin a biya shi diyya. Maye nauyin hukunci yake ƙara ma direba.

Takarda ta biyu ta likita ce. Lokotoro yana rubuta irin raunin da yawan kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. Da waɗannan kwanaki alƙali yake auna girman laifi, da su kuma kamfani yake lissafi. A nan ne masu wucewa kai tsaye wurin maɗori suke cutar kansu. Maɗori yana iya ɗora ƙashi, amma ba ya ba da takardar da kamfani zai karɓa. A fara zuwa gidan likita na Gabi, ko asibitin Madarunfa, ko babbar asibitin Maraɗi. Duk takardar magani, da rasiɗi, da hoton ƙashi, a sa cikin leda a ɓoye wurin da gara ba ta kai. In bayan an warke ƙafa ta gajarce ko hannu ya shanye, a koma lokotoro ya sake rubutawa.

Abin da ake biya

Ana biyan kuɗin magani da na asibiti. Ana biyan kwanakin da mutum ya yi kwance, in sun wuce 8. Ana biyan naƙasa in ta zauna, da azabar ciwo, da tabon da ya ɓata kama. In rai ya fita, ana biyan kuɗin jana'iza, ana kuma ba mata da ƴaƴa da iyaye rabonsu. Don wannan sai an kawo takardar mutuwa, da takardar gado daga gidan shari'a, da takardun haihuwar yara. Ga wani amfanin yi ma yaro takarda tun yana jinjiri.

Manomi zai ce: ni ba ni da albashi, da me za a auna kwanakina? Doka ta tuna da shi. Baligin da ba shi da takardar albashi, ana yi masa lissafi bisa albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta yanke ma ma'aikata.

Jandarmomi ne ke aika konsta wurin kamfani. Shi kuma kamfani doka ta yanke masa wa'adi, wanda bai wuce shekara guda ba, ya rubuto abin da zai biya. In ya makara akwai tara a kansa. Amma kada a zauna gida ana jira. A je birgad a ji ko takarda ta tafi, a je ofishin kamfanin a Maraɗi a kai takardun likita. Mai rauni yana da ikon neman kofen konsta daga kamfani. In jinya ta yi tsawo, ya roƙi a ba shi wani abu kafin lissafin ƙarshe. Wanda ya bari shekara 5 suka wuce daga ranar haɗari bai nemi komi ba, hakkinsa ya faɗi.

Kafin a dangwala hannu

Ranar da kamfani ya kawo takardar sulhu, ranar ce ta natsuwa. Da Faransanci ake rubuta ta. Kada a sa hannu, kada a dangwala yatsa, sai wani amintacce ya karanta ya fassara layi layi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ko bai ji Faransanci ba, ya iya karanta lamba. Ya duba da idonsa: 150.000 aka rubuta, ko 1.500.000? Sifiri ɗaya ne tsakaninsu.

In an sa hannu, daga baya aka gane ba a bi doka ba wajen lissafi, akwai kwana 15 na warware sulhun. Da wasiƙa ake yi, irin wadda gidan waya ke ba da shaidar aikawa. In yaro ne ya ji ciwo, sulhu bai ƙullu ba sai an bi ta hannun iyayensa, in kuwa ba su da rai, ta hannun alƙali ko taron dangi. In kuwa an kasa daidaitawa har wa'adi ya cika, sai gidan shari'a.

A yi hankali da masu kai da kawo, waɗanda ke zuwa asibiti suna cewa a ba su takardu su karɓo kuɗi, a raba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar gwamnati mai suna ANAJJ, da aka kafa a 2011 don taimakon talakawa wajen shari'a. Tana da ofishi a babban gidan shari'a na Maraɗi. Bayani a wurinta kyauta ne.

In ba asiransi fa?

Wannan ita ce babbar wahala, don motocin ƙauye da kabu-kabu da yawa ba su da ita. A nan direba da mai abin hawan da ya ɗauke shi aiki su ne za su biya daga dukiyarsu. Ranar da za a yi shari'ar direba, a Madarunfa ko a Maraɗi, mai rauni ya halarta da takardunsa, ya gaya ma alƙali cewa yana neman diyya. Sai alƙali ya yanke hukunci da diyya cikin zama guda. Wanda bai je ba, bai aika kowa ba, ana iya ƙare shari'a ba a ambaci hakkinsa ba.

Mai gari da sarki suna da ikon sasanta mutane kan ɓarnar dukiya, kamar amalanke ko dabba. In an sasanta, a rubuta, kowa ya riƙe kofe. Amma laifin tuƙi cikin maye ba a kashe shi a zaure.

Ƙasar Gabi tana bakin iyaka. Motar Najeriya da ta shigo ƙasarmu, ita ma dole ta riƙe takardar asiransi mai aiki a nan. A roƙi jandarmomi su rubuta lambarta da sunan kamfaninta kafin ta koma ƙetare. In kuwa haɗarin can ya faru, wajen Jibiya ko Katsina, dokar Najeriya ce za ta yi aiki, ƴan sandan can ne kuma za su rubuta takarda.

Aikin aji na wannan mako: kowane ɗalibi ya je tasha ko bakin hanya, ya rubuto lambar mota uku da ta moto biyu cikin littafinsa, ya kawo ma malami a duba.