Matsayin Mataimakin Ɗakin Gwaji a Asibiti

Gabatarwa

A gargajiyance Bahaushe ya saba da mai magani guda. Boka ko wanzami shi zai dubi majiyyaci, shi zai faɗi cutar, shi kuma zai ba da magani. Asibiti ya zo da tsari dabam, inda aka rarraba aikin a kan mutane da yawa, wasu ma majiyyaci bai san da su ba. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato mataimakin ɗakin gwaji, domin nuna cewa hukuncin likita a kan aikin hannunsa yake tsaye.

Asalin Aikin

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin majiyyaci a Aljeriya. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, sannan a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Tun daga nan duban ido ya daina wadatarwa, sai an haɗa da madubin ƙara girma. A Nijeriya ma'aikatan wannan ɗaki hawa uku ne: masanin kimiyyar gwaji, da ma'aikaci mai matsakaicin horo, da mataimaki. Majalisar da dokar 2003 ta kafa ita ke kula da rajistarsu.

Ayyukansa

Mataimaki shi ke karɓar abin gwaji, ko jini, ko fitsari, ko bayan gida, ko kaki. Shi ke rubuta suna da lamba a jikin kwalba da cikin rajista. Idan gwajin zazzaɓi ne, za a huda yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a shimfiɗa shi, a bari ya bushe, kana a rina shi da rinin Giemsa. In shimfiɗar ta yi kauri fiye da kima, ko rinin ya lalace, komai ƙwarewar mai dubawa ƙwayar za ta iya ɓuya masa.

Haka nan shi ke wanke kayan aiki, ya dafa su a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na tsawon minti 15. Yana kuma lura da firjin jinin ƙari, wanda dole ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6.

Hatsari da Amana

Kuskure mafi muni a wannan aiki shi ne musanyar suna. A ƙasar Hausa kuwa, inda a layi guda za a iya samun masu suna ɗaya har da sunan uba, lambar kati ce kaɗai ke raba su. Idan kwalba biyu suka sarƙe, sai a ba mai lafiya magani, a sallami marar lafiya. Idan kuma ƙarin jini ne, jinin da bai dace ba yana iya kisa.

Shi kansa ma'aikacin bai tsira ba. A 1969, shekarar da aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, cutar ta kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka. Saboda haka safar hannu da farar riga kariya ce, ba ado ba.

Akwai kuma riƙon asiri. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Sakamakon irin wannan gwaji yana bi ta hannun mataimaki, kuma kalma ɗaya da ta kuɓuce masa a unguwa ta isa ta zubar da mutuncin gida.

Kammalawa

An ga cewa likita ba ya ganin ƙwayar cuta da idonsa, takarda ake miƙa masa ya yi hukunci da ita. Ingancin takardar nan kuwa ya faro ne daga wanda ya fara riƙe kwalba. Don haka ya kamata hukumomin lafiya su ba horonsa da kayan kariyarsa muhimmanci, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.