Darasin Turanci: Kalmomi Masu Taimakon Aikatau

'Yan'uwa, a Hausa mu kan ce "na zo," "ina zuwa," "zan zo." Turanci kuma yana da 'yan kalmomi da a kan sa gaban aikatau domin su taimake shi, kamar have, will, can da must. Masu yi mana tafinta a sujada su kan kama babbar kalma, ƙaramar ta wuce su, alhali kuwa ma'ana tana wurinta.

Bari mu duba must. "You must come," wato tilas ka zo. To, in ba tilas ba ne fa? Da yawa su kan ce "You must not come," suna tsammani sun sauƙaƙa wa mutum, ashe sun hana shi ne sarai! Daidai shi ne "You need not come," ba lalle ne ka zo ba.

A wani taro mun ji baƙo ya ce matalauta need not su kawo baiko. Tafinta ya ce an hana su. Wata gwauruwa ta sake ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane, ta fita da hawaye.

Kafin wata mai zuwa ku juya wannan: "Ba lalle ne ku yi azumi gobe ba."