Fanka Mai Kunna Kanta

Kaza ba ta yin gumi kamar mutum. In zafin bazara ya tsananta, sai ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta ƙi abinci. In abin ya yi yawa, sai ta mutu. Saboda haka masu kiwon kaji da yawa sukan kafa fanka a bangon ɗakin, ta riƙa jan iska mai zafi waje. To, amma wa zai zauna dare da rana yana gadin makunni?

Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke yin wannan gadi. Ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, tana zaune bisa wani ɗan allo. Wani irin allon da masu koyo ke so ƙwarai ana ce da shi Arduino, a ƙasar Italiya aka fara yin sa cikin 2005.

Ita dai ƙwaƙwalwar ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi. Sai an haɗa ta da wani ma'auni kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku, sunansa LM35. Shi ne ke juya zafi ya zama lantarki. Duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya ƙara ƙarfin lantarkin da yake aika mata da awo 10 na wani ƙanƙanen awo, watau milibolt. In ta ga milibolt 300, ta san zafin ɗakin digiri 30 ke nan.

Tun da fari mai aikin ya rubuta mata umurni da kwamfuta. Misali ya ce, in zafi ya kai digiri 30 ta kunna fanka, in ya sauko 28 ta kashe. Ba ta da ƙarfin juya fanka da kanta, sai ta motsa wani makunni, shi kuwa ya saki babbar wuta.

Don me aka ba ta lamba biyu? Da 30 kaɗai aka ba ta, da fanka ta ɗan juya, zafi ya ragu kaɗan, sai ta kashe. Kafin ka ƙifta ido zafi ya komo, ta sake kunnawa. Haka za ta yi ta yi har makunnin ya lalace.

Akan rataye ma'aunin ƙasa-ƙasa, daidai kan kajin. In an sa shi kusa da kwanon rufi, zafin kwanon zai auna, ba na kajin ba.