Kula da Injin Taliyar Murji

In injin taliya ne jarinki, kamar mata da yawa a Jibiya da Magama, to ruwa ne makashinsa. Kika wanke shi, sai tsatsa ta kama, taliya ta riƙa fitowa da baƙi-baƙi, masu saye su gudu.

1. In kin gama murji, bari ragowar kwaɓin ya bushe.
2. Kakkaɓe haƙoran da tsinke da busasshen buroshi.
3. Ɗiga man gyaɗa kaɗan inda ƙarafan ke juyawa.
4. Rufe shi da ƙyalle saboda ƙura.
5. Gobe ki fara murza ɗan guntun kwaɓi, ya kwashe datti, ki yar.

Abincin sayarwa amana ce, 'yar'uwa. Allah Ya sa albarka.