Darasin Juma'a: Mai Lalura Ma Ɗalibi Ne



Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne. Ya zo neman karatu wajen Manzon Allah (SAW) lokacin da yake ganawa da manyan Kuraishawa, kuma a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Daga baya ya zama ladan tare da Bilal, har Manzo yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya.

To mu fa? Akwai gidajen da yara ke tafiya Islamiyya da boko, amma a bar mai lalurar ƙafa ko kunne a ɗaki, ko a tura shi bara bakin kasuwa. Wallahi za a tambaye mu. Ko dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu bambanci wajen karatu.

Malamai, mai ƙarancin ji ko gani ya zauna sahun gaba, ku fuskance shi in kuna magana. A kira yaro da sunansa, ba da lalurarsa ba. Wanda ya tsokane shi a tsawatar masa.

Iyaye, ku kawo su bayan sallah a rubuta sunansu.

Allah ya sa mu dace.